Rigar da Aka Sa wa Baba Tsoho a Gwarzo

Daga Allah muke, gare shi za mu koma, kuma kakana na wajen uba, wanda muke kira Baba Tsoho, ya riga mu komawa a farkon daminar nan. Bai yi jinya ba. Ya dawo daga gona ya ce ƙirjinsa ya yi masa nauyi, aka shimfiɗa masa tabarma a gindin darbejiyar tsakar gida, kafin Baffa ya samo mota ya cika.

An yi zaman makoki a ƙofar gidanmu da ke Sabon Birni, kuma an taru. 'Yan Madadi sun zo a bayan a-kori-kura, an loda su kamar buhunan masara. Duk wanda ya durƙusa sai ya ce, "Allah ya jiƙan Malam, mutum ne mai haƙuri." Na lura kowa ya mutu haka ake faɗa a kansa. Baba Tsoho dai na san shi, haƙurinsa kaf kifi ya tara wa, mu ragowar da ta zube muke samu. Liman ya yi gyaran murya ya ce marigayi mutum ne da bai ɗauki ƙyale-ƙyalen duniya da zafi ba. Jama'a suka ce haka ne, kowa yana kallon tabarma, don kowa ya san rigar da Liman yake nufi.

Masuntan dam ɗin Gude su ma sun zo, suka zauna can gefe suna ƙamshin banda. Babbansu bai yi doguwar magana ba, ya ce ruwa ya yi rashi, suka shafa fatiha suka tashi. A cikin gida kuwa wata tsohuwa da ba wanda ya san ta ta yi kukan da ya fi na Gwaggo, 'yar marigayi, har Gwaggo ta tsagaita ta tsaya kallonta.

Ƙanen marigayi, Baba Ƙarami, mai sayar da turare a kasuwar Kabo, shi ya tsaya a kan wanka da sutura. Da aka gama naɗe likkafani sai ya dafa makarar ya ce, "To Yaya, yau dai ka sa fari, kuma ba ka yi musu ba." Daga nan ya zaga bayan rumbu, ya daɗe bai fito ba.

Bayan sadakar uku Baffa, wato babban ɗan marigayi kuma yayan babana, ya ce ana bukatar hoto. Dangin da ke Kano da Zariya suna ta tambaya a waya, shi ma yana so ya sa a gilashi ya rataye a falo don jikokin da za a haifa nan gaba su san fuskar kakansu. Aka shiga nema. Baba Tsoho ba ya tsayawa hoto, ko a biki aka ɗaga waya sai ya tuna akwai akuyar da bai ɗaure ba. Na katin zaɓensa kuwa ya fito kamar kwaɗon da aka dalle da fitila. Aka bincike gida aka zo aka tarar hotonsa na kirki ɗaya ne a duniya, yana cikin wayata, kuma a cikinsa sanye yake da rigar ruwa. Baffa ya kalla ya ce ba wannan rigar za ta hau bangonsa ba. Ni kuma na ce, a zuciyata tukuna, idan aka cire rigar nan ban san wa za a rataye ba.

Sai na yi bayanin rigar ruwa, don wanda bai gan ta ba.

Jamfa ce, ko kuma ta taɓa zama jamfa. Iya, matarsa, kakata, ta ce da aka ɗinka ta koriya ce. Ni na tashi na same ta da launin da ba shi da suna, tsakanin laka da miyar kuka ta kwana. Facin da ke jikinta ya fi asalin yadin yawa. Idan ya cire ta ya jingine a bango tsayawa take da ƙafarta, wata rana ma na yi mata sallama. Da ita yake zuwa fatsa, da wata malfa da akuya ta ci gefenta, a kan keken da kukansa yake riga shi isa ko'ina.

Ba talauci ba ne. Yana da gonaki, yana da shanun huɗa, rumbunsa ba ya ganin ƙasa. Ra'ayi ne, kuma yana da hujja. Ya ce karfasa idonta a sama yake, tana kallon bakin ruwa kamar yadda matan unguwa ke kallon titi ta kafar ƙyaure. Ta ga fari ta san mutum ne ko balbela, duka biyun kuma ba alheri suka kawo mata ba. Don haka mai fatsa sai ya zama gaɓar ruwa, ya zama kututture, kada ma inuwarsa ta faɗa a ruwan. Ba ya shafa turare ranar zuwa dam, ba ya gaisawa da ƙarfi, tari ma sai ya juya baya.

"Ado ɗaya ake yi a bakin ruwa," haka yake cewa. "Ko kai ka yi, ko ƙugiya ta yi."

Shi ƙugiyar ya bar wa, kuma a nan ya bambanta da kowa. Mutane tana suke soka wa ƙugiya su jefa ta nutse, su zauna jira. Shi kuwa da an yi ruwan farko shinge ya fito daga suri yana faɗawa a kan dam, karfasa ta taso sama tana wawura, sai ya zauna a zaure da ƙananan gashin zabo da zare, ya ɗaura wa ƙugiya fukafukai biyu, ya naɗa mata ciki, har ta zama shinge sak. Ya ɗaura a doguwar gora ya wurga a hankali, ta sauka a fuskar ruwa ba ta nutse ba, ya riƙa ɗan girgiza ta kamar mai neman tashi. Na taɓa tambayarsa me ya sa ba zai soka shingen gaske ba, ga shi nan ko'ina.

"Na gasken soya shi za a yi in ci," ya ce. "Kifi ya ci na ƙarya. Kai dai da kake son ƙwace min mata, ko wannan lissafin ba ka iya ba?"

Haka yake ce min, mai ƙwacen mata, saboda Iya maigida take kirana tun ina cikin zani.

Zaren cikin shingen shi ya jawo rigima mafi girma a gidanmu. Lokacin auren Gwaggo Baffa ya ɗinka masa babbar riga ta shadda, aikin hannu, aska takwas, da zare ruwan zuma. Baba Tsoho ya sa ta ranar ɗaurin aure, yana tafe yana tattare hannu kamar wanda aka lulluɓa wa rumfa. A wurin walima aka ga ya ƙura wa ƙirjinsa ido, aka ɗauka aikin ne ya burge shi. Ashe launin zaren yake kallo, wai daidai yake da cikin shinge. Ya fara zara ta ciki, inda ba a gani. Da na ciki ya ƙare ya fito waje. Ranar da Iya ta buɗe adaka za ta shanya rigar don Sallah, aska takwas ta koma aska uku da rabi.

"Malam, ɓera ne ya shiga adakar nan?"

"Ɓera ba ya cin zare a jere."

"To wa ya ci?"

"Ke da kanki kin ci rabonki. Miyar karfasar da kika yi ta santi a kanta, da me kike zaton aka kamo ta?"

Iya ta yi kwanaki ba ta ce masa ci kanka ba, tuwo ma ni take ba in kai masa. Baffa tun da ya ji bai sake ɗinka masa riga ba.

Yaƙin Iya da rigar ruwa ya girme ni. Ta ɓoye ta a rumbu, ya gano ta da hanci. Ta ba mai gwangwan kyauta, mai gwangwan ya kai bakin gari ya dawo da ita ya ce a yi masa rai. Abin da ya fi ci mata rai shi ne hanyar dam ta gaban masallacin Juma'a take bi, kuma shi ba ya kewayewa. Wata rana da ya tafi jana'iza ta samu sarari ta jiƙa ta, ta dirje ta da sabulu, ta sa mata bula, har da guga. Ya dawo ya tarar da ita a kan igiya tana ƙyalli. Bai yi faɗa ba. Ya ninke ta ya kai dam ya tura cikin laka ya ɗora dutse, ya ce sai ta warke. Da ya ɗauko ta ta fi da muni, kuma ranar ya kamo kifi cike da ƙwarya, ya ajiye a ƙofar ɗakin Iya.

Babban abokin gardamarsa dai Baba Ƙarami ne. Shi a Gude yake zaune, kusa da ruwan, kuma shi ma yana fatsa ranar da ba kasuwa. Sai dai shi farin kaftani yake sawa mai kari, da hula zanna, da turaren da ke isa tsallaken dam. Yana zuwa da 'yar kujera da hankici. Ko tanar da zai soka wa ƙugiya da tsinke yake ɗaukarta.

"Kifi ciki ne da wutsiya," in ji shi. "Ba ya zuwa ɗaurin aure balle ya san shadda. Ka ba shi abinci ya ci, ko da rawani ka zo."

"Matsa can da hasken nan naka. Ka kore min na nan, ka kore min na gobe."

"Yaya, warin rigarka ne ya kore su. Jiya na ga wata tarwaɗa ta leƙo ta toshe hanci."

Saboda haka ba sa zama kusa. Ɗaya a wannan lungu, ɗaya a wancan, suna jifan juna da magana ta saman ruwa, Baba Tsoho da raɗa mai ƙarfi don kada kifi ya ji. Da yamma a haɗu a buɗe jaka. Gaskiyar da zan faɗa tun da ɗayansu ba ya nan ita ce kusan daidai suke kamawa. Ranar da mai fari ya fi, sai Baba Tsoho ya ce makafin ne suka taru a wajensa. Ranar da mai tsumma ya fi, sai Baba Ƙarami ya ce tausayi kifin suka ji.

Na taɓa ba su shawara, ni mai ilimin kimiyya na aji biyar. Na ce su yi musanyar kaya rana ɗaya, a ga abin da zai faru, a huta. Suka dube ni tare, irin kallon da ake yi wa wanda ya yi tusa a sahu.

"In muka gwada aka gane mai gaskiya," Baba Ƙarami ya ce, "to gobe me za mu zo yi?"

Ranar ce na ɗauki hoton. Na bi shi ne sanye da rigar ƙwallo ruwan ɗorawa, ya ce na zo kamar nunannen mangwaro, ya zaunar da ni bayan wani kargo ya hana ni motsi. Ina nan sauro yana shan jinina da cokali sai gorarsa ta lanƙwasa. Ya fizgo karfasa, faɗin tafin hannu, ba ta fi haka ba, ya ɗaga ta sama yana nuna wa ƙanensa da ke can tsallake. Na zaro waya na danna. Bai sani ba har ya koma ga Allah.

Tsohuwar nan da ta fi Gwaggo kuka, daga baya muka ji labarinta. Daga wata ruga take a hanyar dam. Shekarar da 'yarta ta haihu ta kwanta ciwo, kullum da yamma sai su tarar da kifi a soke a tsinke, an rataye a dangarsu. Ba sallama, ba aike. Suka bincika aka ce ɗaya daga 'yan'uwan nan biyu ne masu fatsa. Ba su yi dogon tunani ba suka ɗauki ƙwaryar nono suka kai wa mai farin kaftani, don shi ya yi kama da mai kyauta. Baba Ƙarami ya rantse ba shi ba ne, suka ce kawaici ne irin na manya. Nonon ya ci gaba da zuwa Gude, kifin ya ci gaba da fitowa daga jakar mai tsumma. Sai da wani jikanta ya laɓe ya gani da idonsa. Baba Ƙarami ya ce ya kai wa yayansa ƙara tun a lokacin, shi kuwa ya ce, "Sha nononka. Ni ba na son dogon surutu a hanya, kifi yana lalacewa."

Wannan shi ne mutumin da ke cikin wayata. Baffa ya goya ni a babur muka tafi Gwarzo wajen mai hoto.

Mai hoton matashi ne, yana taunar cingam, yana da kwamfuta da fanka mai kai ɗaya. Ya tura hoton daga wayata ya buɗe shi ya cika allo. Ya dubi Baffa.

"Alhaji, mai gadinku ne?"

"Mahaifina ne," Baffa ya ce.

"Allah ya jiƙansa. Za a gyara shi. Riguna muna da su kala-kala." Ya danna, riguna suka jeru ba kawuna. "Akwai ta sanata, akwai ta ango, akwai ta an dawo daga Makka. Wannan ta sanatan ita ake yayi."

"Fara. Mai aiki. Da hula."

Na ce, "Baffa, ai ba ya sa fari."

"Ba da kai nake ba."

Ina kallo aka yanke kan Baba Tsoho daga jikinsa, aka ɗora a kan wani ƙaton mutum mai tumbi. Aka tuɓe malfa aka kafa zanna. Aka share dam, aka kawo labule ruwan zinare da tukunyar furanni. Hannun da ke ɗage ne ya ba mai hoto wahala, don kifin na ciki. Ya tambaya ko a mayar da shi waya ko mukullin mota. Baffa ya ce carbi. Aka sa carbi. Kafin cingam ɗin ya salance kakana ya zama mutumin da zai iya raba buhunan shinkafa.

A hanyar dawowa na kasa haƙuri. Na ce ta bayansa, cikin iska, jikokin da yake magana za su tashi su san wani mutum ne daban. Baffa ya gangara gefen titi ya kashe babur. Na ɗauka mari ne, na fara karanto abin da na haddace. Bai juyo ba ma.

"Kai jika ne," ya ce. "Wasa ne tsakaninku, rigar ma abin dariya ce a wurinka. Ni ina firamare ɗan mai tsumma ake kirana. Ranar da iyayen Hajiya suka zo ganin gidanmu kafin a ba ni ita, a ƙofa suka same shi ya dawo daga dam, suka miƙa masa takalmansu ya ajiye. Ya karɓa ya ajiye. Ina tsaye." Ya gyara zama a kan babur. "Sau ɗaya na ɗinka masa riga, ka san abin da ya yi da ita. Yanzu ba zai zare wannan ba."

Ya tayar da babur. Na riƙe shi gam, don titin akwai ramuka.

Da yamma Baffa ya ɗauki hoton a waya ya tura zauren dangi, ya rubuta a ƙasa, "Allah ya jiƙan Baba, ya sa Aljanna makoma." Bai sa suna ba, ai kowa ya san babansa. Dangi suka tura wa dangi, hoton ya fita daga dangi ya shiga kasuwar Kabo.

Abin da ba wanda ya lura da shi a cikinmu, saboda mun saba, shi ne Baba Tsoho da Baba Ƙarami uwa ɗaya uba ɗaya suke, hanci ɗaya, goshi ɗaya, furfura ɗaya. Tun tasowarmu riga ce take raba mana su daga nesa, ba mu taɓa bukatar duba fuska ba. 'Yan kasuwar Kabo kuwa suka ga farar riga da zanna da fuskar da suka sani a bayan kwalaben turare. Sun riga sun ji yayansa ya rasu. Suka ce Allahu akbar, baƙin cikin ɗan'uwa ya ɗauke shi, ko mako bai yi ba.

Washegari da hantsi mota ta tsaya a ƙofar gidan Baba Ƙarami a Gude, dattawa suka firfito suna salati. Suka same shi a kan dakali yana shan koko. An ce na gaba ya juya da gudu ya bar takalmi, an ce har yanzu takalmin yana can. Sauran suka daure suka zauna, tun da an riga an zo, aka rasa wa za a yi wa gaisuwa. Wani ma don kunya ya ce, "To ya ƙarin haƙuri?" Kafin azahar mota ta biyu ta iso, da mata, da tukunyar abincin sadaka.

Da la'asar sai ga Baba Ƙarami a gidanmu a bayan ɗan acaɓa, kaftaninsa ko ƙura bai ɗauka ba. Ya zauna a zaure, Baffa ya durƙusa ya gaishe shi, aka yi ta ina wuni da ya haƙuri har aka ƙare. Sannan ya ce a kawo hoton. Aka kawo shi cikin gilashinsa. Ya riƙe shi nesa da ido ya daɗe yana dubawa.

"Na yi kyau," ya ce. "Tumbin ne dai aka ƙara min."

"Baba, wallahi ban yi nufin..."

"Na sani. Yau na ji abin da za a faɗa a kaina, ashe ni ma mai haƙuri ne." Ya kwantar da hoton a cinyarsa. "Ka ga, ɗana, ni ina nan, duk mai son ganina ya zo Kabo ranar kasuwa. Shi ne ba ya nan. Ka rataye wannan, yaran da kake faɗa za su taso su ce ga Baba Ƙarami. In na mutu a ce ga hotona. Shi kuma shi ke nan, kamar ba a yi shi ba. Dama bai bar wani abu da yawa da za a gane shi da shi ba."

Baffa bai ɗago ba. Can ya miƙo min hannu, ba tare da ya dube ni ba, na gane na sa masa wayata. Ya buɗe na asalin. A shagon mai hoto rigar kawai ya kalla. Yanzu ya sa yatsa biyu ya ja fuskar ta cika allon.

"Wa yake wa dariya haka?"

"Ni," Baba Ƙarami ya ce. "Ranar ban kama ko ɗaya ba."

Baffa ya riƙe wayar har allon ya mutu. Sannan ya ce gobe in koma Gwarzo a wanko wannan, kada a taɓa komai. Na ce har kifin? Ya ce har kifin. Shi ne yanzu a falonsa, sama da talabijin. Baƙi sukan tambaya, Baffa ya ce mahaifinsa ne, ya ci gaba da zuba shayi.

Saura na gilashin. Baba Ƙarami ya ce a fasa a ƙona kafin a sake kashe shi. Za a fita da shi ke nan Iya ta aiko daga ɗakin da take takaba, ta ce a kawo ta gani, ta ji ana ta maganarsa. Na kai mata. Tana zaune a tabarma da tsohon zani, ba ɗan kunne, ba kwalli. Ta karɓa ta matsa kusa da hasken ƙofa. Ta shafa aikin rigar da yatsa ta saman gilashin, aska takwas cif, ba wadda aka zare.

"Maigida, buga min ƙusa a can," ta ce.

Baba Ƙarami da ke tsaye a bakin ƙofa ya ce, "Matar Yaya, wannan fa ni ne. Duk Kabo ta shaida."

"Kabo ba ta zauna da shi ba." Ba ta ɗauke ido daga hoton ba. "Kai ina ka samu kunne irin wannan? Tun ina amarya nake roƙonsa ya tsaya haka in gan shi. Ku bar min."

Na buga ƙusar, ta karkace, ta ce in bar ta haka.

Allah ya jiƙan Baba Tsoho, ya yafe masa, ya haskaka kabarinsa, ya ba Iya da Baba Ƙarami da iyayenmu haƙurin rashinsa. Malaminmu na Islamiyya ya ce tufafin 'yan Aljanna koraye ne. Allah ya sa yana cikin masu sa su, don wannan launin na san ba zai yi musu ba.